Fashin Makaranta a Jos: Daga Zamanin Kuza Zuwa Yau

Ina neman izinin malamai da 'yan boko in sa baki a cikin wata magana wadda a gaskiya ta fi ƙarfina. Ni dai ɗan kasuwa ne, hatsi nake sayarwa, karatuna kuwa na Islamiyya ne, sai ɗan abin da na tsinta a firamare kafin ta gagare ni.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wata ranar Talata da hantsi na fito daga Unguwar Rogo zan tafi Katako, sai na ce bari in ƙirga yaran da zan gani a titi waɗanda ya kamata a ce suna cikin aji a wannan lokaci. Kafin in kai bakin kasuwa na gaji da ƙirgar. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da yawansu ba wai ba a sa su makaranta ba ne. Na ga wata yarinya mai tallan awara, wandon makaranta yana leƙowa ta ƙarƙashin zanenta. Na ce, "'Yata, yau ba makaranta?" Ta ce, "Ai Baba jiya na je, gobe ma zan je." Ta faɗa mini haka ne hankalinta kwance, kamar mai ba da labarin zuwa rijiya.

To, jama'a, matsalar iri biyu ce. Akwai yaron da ba a sa shi makaranta ba sam, shi ne wanda ake ta magana a kansa a rediyo. Akwai kuma wanda sunansa yana cikin rajista, yana da kayan makaranta, ubansa yana bugun ƙirji cewa duk 'ya'yansa suna boko, amma yaron sai ya je yau, ya yi fashi gobe da jibi. Wannan na biyun ba mai maganarsa. Hukumar UNICEF ta daɗe tana buga cewa yara wajen miliyan 10.5 ne ba sa makaranta a Nijeriya, kowa ya haddace wannan. Amma a wuri guda ta ce cikin yara 'yan shekara 6 zuwa 11, kashi 61 cikin 100 ne kawai ke zuwa firamare a kai a kai, a Arewa kuma abin ya sauka zuwa kashi 53. Wannan lissafi na biyu shi ne namu. Kuma ɗabi'ar ba daga sama ta faɗo mana ba, tana da tarihi a garin nan.

Kowa ya san kuza ce ta tara mu a kan dutsen nan. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwe suna narka ta, fatake suna yawo da ita kasuwa-kasuwa, har labarinta ya kai kunnen Kamfanin Neja. Wajen 1904 Kanar Laws ya kafa sansani a yankin Naraguta, aka fara haƙa irin ta kamfani. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, a 1927 kuma babban layin dogo ya hawo ta Kafanchan. Shi ƙaramin jirgin an daina aiki da shi a 1957, tsofaffinmu suna ba da labarinsa da dariya, wai in ya zo hawa mutum yana iya sauka ya bi shi da ƙafa. Ta waɗannan hanyoyi kakanninmu suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Barno, har da Damagaram. Wasu lebura, wasu fatake, wasu mahauta, wasu maɗinka, wasu malamai. Aka cika Gangare da Dilimi da Bukur, aka bazu barikokin kuza irin su Barikin Ladi da Bisichi da Dorowa Babuje da Gindin Akwati.

Sai mu duba yadda zaman bariki yake, domin a nan ne tushen maganar. Da yawa cikin leburorin nan cin rani suka zo yi. Mutum ya gama girbi, ya taho ya nemi kuɗin haraji da na aure, da ya ji ƙanshin damina sai ya kama hanyar gida. Wanda ya zauna ma ba a bariki ɗaya yake daɗewa ba, in ya ji an fi biya a wani wuri sai ya naɗe tabarmarsa. Biya kuma mako-mako ake yi. Mata da yara ma suna ɗaukar kwanon ƙasa a ka, a biya su. Wato yaro ɗan shekara goma yana iya kawo wa gidansu kwabo a ƙarshen makon nan. Makaranta fa? Ita sai ka ba ta yaro kullum safiya, shekara bakwai ko goma, kafin ta dawo maka da ko anini. Mutumin da bai tabbata zai kai baɗi a garin ba, yaya za a yi ya shiga wannan ciniki?

Sannan ga abin da ya faru lokacin yaƙin Hitila. Da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun mafi yawan kuzarta, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi abin da tsofaffi ke kira diban gwamna, aka riƙa kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa ana kawo su haƙar kuza dole. Sanyin dutse da yunwa da cuta suka kashe da yawa, wasu suka gudu cikin dare. A ganina wannan ya ƙara dasa wa talaka wani tsoro: duk inda hukuma ta buɗe littafi ta rubuta sunanka, to, ba alheri ne zai biyo baya ba. Haraji da littafi ake karɓarsa, diban gwamna da littafi aka yi shi, ɗaukar soja haka. Sai kuma ga malamin makaranta da nasa littafin yana neman sunan ɗanka.

Ita boko a Arewa ta fara kafuwa ne da makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa ta Kano a 1909, daga baya aka yi Kwalejin Katsina. A ƙasashen sarakuna, umarni ake bai wa hakimai da dagatai su kawo yara. Labarin yadda masu hali suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu, a tura ɗan bara ko maraya, sananne ne, kuma sanannen abu ne yadda waɗancan marayun suka zama manyan ƙasa. 'Yan doka kan bi yaron da ya gudu har gida. Amma a nan kan dutse sha'anin ya bambanta. Da yake ba ƙasar sarakunan Musulunci ba ce, Turawan mulki ba su taƙaita wa 'yan Mishan ba kamar yadda suka yi a Kano ko Sakkwato. Suka buɗe makarantu a ƙauyuka, a 1934 suka kafa Gindiri, wadda ta yaye malamai da ma'aikata masu yawan gaske. A cikin gari kuma makarantun coci-coci suka cika da 'ya'yan akawuna da masu aikin hannu daga Kudu, waɗanda iyayensu sun riga sun ga abin da takarda ke saya.

Ni ban ga laifin kakanninmu ba da suka ƙi kai 'ya'yansu inda suke tsoron a canza musu addini. Tsoro ne mai dalili. Inda nake da magana shi ne makarantar En'e, wadda ke da malamin Arabiyya a ciki, ita ma ba ta tsira daga fashi ba. Aka sa yaro don a rabu da fitinar mai unguwa, aka riƙa tura shi in ba wani aiki a gida.

A nan ne nake so masu karatu su tsaya su yi tunani tare da ni. Ba za a ce Bahaushe bai san darajar zuwa makaranta kullum ba. Gwamna Lugga da kansa ya ƙiyasta makarantun allo wajen 25,000 a Arewa, da almajirai fiye da 200,000, tun wajen 1914. Makarantar allo kuwa tana da tsarinta: daga Asabar zuwa Laraba ana karatu, Alhamis da Juma'a a huta, ran Laraba a kai wa malam kuɗin Laraba. Yaro ya ƙi zuwa, kafin rana ta take an aiko gardi ya ɗauko shi, uwarsa ma ba ta isa ta ce uffan ba. To, me ya sa mutanen da suka riƙe wannan da ƙarfi suka yi sakaci da waccan?

Addini yana ciki, na yarda. Amma akwai wani abu kuma da na daɗe ina juyawa a raina. A makarantar allo kowane yaro da allonsa. In ka yi ciwo ka kwana bakwai ba ka zo ba, ran da ka dawo allonka yana jingine inda ka bar shi, karatunka yana jiranka. Sai ka biya, malam ya ji ya zauna, sannan ka wanke a ɗora maka. Ba wanda zai wuce da kai, ba wanda zai jira ka, kowa da tafiyarsa. A boko kuwa allon ɗaya ne, na ajin duka. Malam ya rubuta, ya yi bayani, ya goge, ya rubuta na gaba. Wanda ba ya nan ran da aka rubuta, an goge nasa har abada. Gobe kuma abin da za a koyar a kan na jiya za a ɗora shi. Iyayenmu sun ɗauki fahimtar makarantar allo suka shiga da ita boko. Suna ganin in yaro ya yi fashin kwana uku, ai zai koma ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ba su san jirgi ne ba, in ya tashi daga tasha ba ya komowa ɗaukar wanda ya makara. Har yau da yawanmu da wannan fahimta muke.

Makarantun Islamiyya su ne suka fara haɗa mana biyun. A garin nan ba za a yi wannan tarihi a manta da marigayi Malam Ahmad Arabi ba, Allah Ya jiƙansa, wanda ya kafa Islamiyya mai aji da benci da rajista da jarrabawa, a lokacin da wasu ke kallon hakan a matsayin kwaikwayon Nasara. Daga baya, bayan an kafa ƙungiyar Izala a nan Jos a 1978 ƙarƙashin marigayi Shaihu Isma'ila Idris, makarantu irin waɗannan suka yawaita, mutanen ɗariƙu su ma suka buɗe nasu, har matan aure suka samu ajinsu. Wannan ya kawar da tsohuwar hujjar nan ta cewa benci da alli kayan kafirci ne. Hujjar ta tafi, fashin bai tafi ba.

A tsakanin nan kuma duniya tana ta juyawa ba mu lura ba. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci, gwamnatin Sardauna ta dage sai 'yan Arewa sun riƙe ofisoshin Arewa. A wancan zamani mai takardar gama firamare yana samun aiki kafin tawadar ta bushe. Bayan tashin hankalin 1966, da mutanen Gabas suka koma gida, kujeru suka zama wayam a reluwe da gidan waya da kamfanoni. A 1967 Jos ta zama hedkwatar Jihar Binuwai da Filato ƙarƙashin Joseph Gomwalk, a 1971 aka buɗe reshen Jami'ar Ibadan a nan, a 1975 ya zama Jami'ar Jos, a 1976 kuma aka yi Jihar Filato. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce ta buɗe, kuma mai takarda ake tambaya a bakin ƙofar. Waɗanda suka zauna a aji shekara da shekaru a Gindiri da sauran wurare suka shiga, haƙƙinsu ne, sun yi wahalarsa. Mu kuwa mafi yawanmu muna kasuwa da tasha, muna cewa ai ma'aikacin gwamnati wurinmu yake zuwa cin bashi kafin ƙarshen wata. Gaskiya ne yana zuwa. Amma shi ke sa hannu a takardar rumfar da muke zaune a ciki.

Kuzar da muka dogara da ita kuma tana ta ja da baya, har a 1985 farashinta ya rushe a kasuwar Landan. Kamfanoni suka watse, aka bar mana kududdufai da ramukan loto.

Yanzu bari in zo kan kaina, don kada a ce ina wa'azi da laifin wasu. Janar Gowon ne ya yi shelar ilimin firamare kyauta ga kowa a Sakkwato a 1974, Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shi a Satumban 1976, abin da muka sani da UPE. An shirya wa yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka fito. Ina cikinsu. Ba mu da takardar haihuwa, sai a ce ka ɗora hannu bisa kai ka taɓo kunnenka na ɗaya gefen, in ka taɓo ka isa shiga. Na tuna yadda na karkatar da wuya don hannuna ya kai. Ajinmu ya cika har bakin ƙofa, wasu a ƙasa, malaminmu kuwa saurayi ne da aka yi wa horon gaggawa. Duk da haka mutumin nan ya koya mana karatu, Allah Ya saka masa.

Mahaifina, Allah Ya gafarta masa, bai ƙi boko ba. Shi ya kai ni da hannunsa. Sai dai duk ranar da mota za ta sauke kaya, sai ya ce in tsaya in kama masa bakin buhu in kula da mudu. Kwana ɗaya ne a mako, wani lokaci biyu. In bikin dangi ya tashi a gida, wato garin da kakana ya baro tun kafin a haifi mahaifina amma har yau muke ce masa gida, sai a kwashe mu mu yi mako uku. Hutun Salla na kwana biyu mu mayar da shi na kwana goma. Lokacin hunturu kuma, wanda duk ya san sanyin Jos na Disamba da Janairu ya san yadda tashi da asuba yake, sai mahaifiyata ta ji tausayina ta ce in bari rana ta fito, in rana ta fito kuma a ce ai an riga an rufe ƙofa, a bari sai gobe. Ba wanda ya yi nufin cutata a cikinsu. Amma Islamiyyar yamma ko sau ɗaya ba a taɓa yarda na yi fashinta ba, shi ya sa yau nake iya karanta Larabci gwargwado, wannan rubutun ma albarkacinta ne da na karance-karancen jaridun Hausa.

Mu 'yan kasuwa ne, bari mu yi lissafi. Makon makaranta kwana biyar ne. Yaron da ke fashin kwana ɗaya a mako ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na karatunsa. A shekara shida ta firamare, ya zubar da shekara guda da 'yan watanni ke nan. Mai fashin kwana biyu ya zubar da kusan shekara biyu da rabi. Sunansa ɗan aji shida, cikinsa ɗan aji huɗu ko ƙasa da haka. Kuma asarar ta fi haka, don ba a jere take ba, rami-rami ce. Ni ina iya nuna ranar da lissafi ya kuɓuce mini. Muna aji uku aka tafi da mu biki. Na dawo na tarar an koyar da ɗebewa mai aro, kowa yana cewa a ari ɗaya daga maƙwabci, ni ban san wane maƙwabci ake nufi ba. Kunya ta hana ni tambaya. Da aka zo rabawa, wadda sai da ɗebewa ake yin ta, sai na zama ɗan kallo. Daga nan na koma bencin baya, na fara ƙin makarantar da kaina, ranar da ba a hana ni ba ma sai in laɓe a bakin rafi. Abin dariya, a kasuwa ina lissafin buhu hamsin da ka ba kuskure, amma a takarda ban iya ba. A 1982 muka zauna jarrabawar shiga sakandare, sunana bai fito ba. Mahaifina ya ce dama boko ba ta karɓe ni ba.

Akwai abokina da muke benci ɗaya, maraya ne, uwarsa ƙosai take soyawa. Wallahi bai fi ni ƙwaƙwalwa ba, shi ma ya sani. Amma matar nan kullum sai ta bar kaskonta ta raka shi har ƙofar makaranta, ko ana ruwa ko ana sanyi. Yau babban ma'aikacin jinya ne, in ciwon suga ya motsa mini shi nake nema.

Don a yi adalci, ba iyaye kaɗai ke da laifi ba. Da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, kyautar ta zama ta baka, aka dawo da kuɗaɗe iri-iri, ga tsarin SAP na 1986 ya zo ya karya talaka. Albashin malaman firamare ya zama abin wasa: a 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, a 1991 aka rushe ta aka miƙa wa ƙananan hukumomi, a 1993 aka sake dawo da ita. Malamin da ya yi wata huɗu ba albashi dole ya nemi abin da zai ci, sai shi ma ya shiga fashi. Yaro kuwa in ya je sau uku bai tarar da malam ba, ran na huɗu da wace hujja za ka tashe shi? A 1999 aka sake ƙaddamar da sabon shiri, UBE, a Sakkwato, a 2004 aka yi masa doka. Dokar ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole, uban da ya ƙi a fara yi masa gargaɗi, in ya sake a ci shi tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, in ya ƙara naira 5,000 ko wata biyu. Ni dai a unguwarmu ban taɓa jin an kira wani uba a kan wannan ba, kuma ba na fatan sai da ɗan sanda za mu kai 'ya'yanmu aji.

Sai kuma abin da ya same mu mu mutanen Jos musamman, wanda ba na son tonawa da yawa don kowane gida da tabonsa, namu da na maƙwabtanmu. Afrilun 1994, ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001, Nuwamban 2008, Janairun 2010. Kowane ɗaya ya zo da rasa rayuka da dokar hana fita da rufe makarantu, wasu makarantun ma suka zama sansanin 'yan gudun hijira. Gari ya rabu, yaron da a da yake ratsa unguwa uku ya je makaranta ya zama ba ya iya tsallaka titi, malami ma yana tsoron inda aka tura shi. Makarantun gwamnati da ke cikin unguwanninmu suka cika maƙil, masu hali suka koma na kuɗi da suka tsiro a kowane lungu. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone, mutanen da suka ce shago ya fi takarda suka wayi gari ba shago ba takarda. A 2012 yajin aikin ma'aikatan ƙananan hukumomi ya rufe firamaren gwamnati watanni. A 2020 cutar korona ta rufe su wajen rabin shekara. A Agustan 2021 aka sake sa dokar hana fita a Jos ta Arewa. Duk waɗannan kwanaki ne da aka ƙwace wa yaranmu ba da shawararmu ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne, a kan wannan asara mu kuma sai mu ƙara tamu da hannunmu, don aiken da bai kai naira ɗari biyar ba.

Ga kuma maganar takardar shaidar ɗan asalin jiha, wadda duk mai ɗa a bakin shiga jami'a ya san ciwonta. Ba ita ce maganata a yau ba, manyanmu suna kanta. Amma ko yaya ta ƙare, yaron da ba shi da tabbacin gurbi ko tallafin karatu ta wannan hanya, abin da ya rage masa shi ne makinsa. Maki kuwa daga aji biyu da aji uku ake fara tara shi.

Game da 'yan mata da talla, ba zan ɗora wa iyaye mata laifi su kaɗai ba, kamar yadda aka saba a wa'azi. Mace tana cikin gida, maigida ya fita ya bar mata abin da bai isa cefane ba, ga kayan ɗakin yarinya ana jiran ta tara. Farantin tallan nan shi ne shagonta, 'yarta ce yaron shagon. In muna so yarinyar nan mai awara ta zauna a aji ranar Talata, sai mu maza mu cike gurbin abin da farantin ke kawowa da safe, ko a samu babba ya riƙa sarar kayan yana kai wa masu shaguna. Haka yaran da ake kwasa zuwa Farin Gada lokacin tumatir. Ciniki ne, kuma ciniki ana iya sake masa tsari.

Shawarar da zan bai wa ƙungiyarmu ƙarama ce, ba ta bukatar gwamna ko kwangila. Kowace makaranta tana da rajista, malamin aji yana kiran suna safe da rana. Wanda ya zo a yi masa 'yar karan tsaye, wanda bai zo ba a zana masa sifiri. Kowane uba yana da ikon ya je ya ce a nuna masa layin ɗansa. In kowace unguwa, daga Gangare zuwa Rikkos, za ta wakilta dattawa biyu su riƙa leƙa rajistar nan sau ɗaya a wata, su bi gidajen masu sifiri da yawa kamar yadda gardi ke yi a da, ba da bulala ba, da sallama da tambayar ko lafiya, za a gano wanda ciwo ya hana, da wanda rashin takalmi ya hana, da wanda ubansa ya hana. Su kuma ga ko malamin da kansa yana zuwa.

Ni na gwada a kaina bara. Autana yana aji huɗu, na je na nemi malamarsu ta buɗe mini littafin. Na shiga da shirin faɗa, ina zaton yawo yake tafiya. Muka ƙirga tare, kwana goma sha ɗaya a zango guda. Ta ce, "Alhaji, duba ranakun." Na duba, takwas daga ciki ranakun da mota ke sauke mini kaya ne. Ni na riƙa cewa ya tsaya ya kama mini bakin buhu, da kalmomin da mahaifina ya riƙa faɗa mini, ban ko ji su a bakina ba. Na rasa abin da zan ce wa matar nan, 'yar cikina ce a shekaru, sai godiya na yi mata na fito.

Washegari na ɗauki wani matashi da ya gama sakandare yana zaman banza, muka yi jinga a kan ranakun saukar kaya. Bikin ƙanwar matata da aka yi a gida kuma, uwar ta tafi, yaran suka zauna wurin kakarsu, an yi mini gunaguni har yau ba a gama ba. Zangon da ya wuce na koma na duba littafin, kwana biyu na tarar, duka na makon da ya yi zazzaɓi ne. Ɗebewa mai aro kuwa shi ya zauna ya koya mini ita a kan tabarma bayan sallar isha'i, ashe maƙwabcin da ake ara a wurinsa lambar da ke hannun hagu ce.